Zaɓen Harsashi Don Farautar Koyoti, Dilan Amurka

Koyoti naman daji ne na Amurka ta Arewa, ɗan'uwan dila da kyarkeci da kare. Wanda ya san dila ba zai sha wahalar gane shi ba: dogon baki, kunnuwa a tsaye, da jela mai kauri wadda yake saukarwa ƙasa idan yana gudu. Asalinsa filayen ciyawa da hamadar yammacin nahiyar. Da aka karkashe kyarketai aka sare dazuzzuka domin noma, sai ya samu fili ya bazu, har ta kai yau babu jihar Amurka da ba ya cikinta in ban da Hawai, ga shi a Kanada da Meziko, ya gangara har Panama. Na yamma, irin na Montana da Dakota da Tekzas, yawanci kilo 9 zuwa 15 ne. Na gabas, wajen Ontario da Maine, ya gauraya da jinin kyarkeci, don haka yakan kai kilo 20, wani ma ya ɗara.

Mutum biyu ne suka fi fita nemansa, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Akwai makiyayi, wanda koyoti ke ɗauke wa 'yan tumaki da sababbin maruƙa. A ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka, babu naman dajin da ya kai shi ɓarna a garken tumaki. Shi wannan so yake dabbar ta faɗi, ko da fatar ta yage. Akwai kuma mai neman fata, wanda ke jiran sanyin Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da gashi ya cika ya yi laushi, ya kai kasuwar gwanjo irin ta Fur Harvesters da ke North Bay a Ontario. Shi rami ɗaya ƙarami yake so, wanda allura da zare za su rufe. Kasuwar fatar ta yi sanyi tun da kamfanin Canada Goose, wanda a da yake yi wa hulunan rigunansa baki da gashin koyoti, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da fata, amma har yanzu akwai masu jima da masu saye. Kafin ka tambayi mai kanti wane harsashi ya fi kyau, ka fara sanin cikin mutum biyun nan wane ne kai, domin amsar da za ta dace da ɗaya za ta ɓata wa ɗayan aiki.

Abu guda ya haɗa su, kuma shi nake sa wa gaba da komai: dabbar ta mutu nan take. Koyoti a lokacin sanyi yana da ruɗi. Gashi ya kumbura shi ya yi kamar babba, alhali in aka feɗe shi ƙirjin siriri ne, kuma wurin da zuciya da huhu suke bai wuce inci 5 ko 6 ba. Ga shi da taurin rai. Wanda aka harba a ciki ko a cinya zai shige daji da gudu, ya yi kwanaki yana jinya kafin ya mutu. Ba na ganin akwai fatar da kuɗinta ya kai a saya da wannan azaba. Harsashi yana kasawa a jikinsa ta hanya biyu: ko ya fashe a kan fata da allon kafaɗa bai shiga ciki ba, ko ya ratsa ya fita bai buɗe ba. Duk zaɓen da za ka yi, hanyar bi ce tsakanin waɗannan biyun.

Harsashi kashi huɗu ne: kwanson tagulla, alburushin da ke cikinsa, ɗan maɓallin gindi wanda allurar bindiga ke duka ya tayar da wuta, sai ƙwayar da ke fita ta tafi. Sunan da ke jikin kwali, kamar .223 Remington ko .22-250 Remington, yana nuna siffar kwanso da faɗin ƙwaya, kuma dole ya zama daidai da wanda aka zana a jikin bututun bindigarka. Nauyin ƙwaya da giren ake auna shi. Giren 55 ya yi kusan giram 3 da rabi. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne, .222 da .223 da .22-250 da .220 Swift duk ƙwaya mai faɗi ɗaya suke harbawa, inci 0.224. Bambancinsu yawan alburushi ne, wato gudu. Mutane kan kwana suna gardama a kan sunan kwanso, alhali kwanso a ƙasa yake faɗuwa kusa da ƙafar maharbi. Ƙwaya ce ke isa jikin dabba, kuma ƙirarta ce ke yanke abin da zai faru a can.

Ƙwayar da aka fi yi domin wannan aiki ita ce mai siririyar riga ta jan ƙarfe, da dalma a ciki, da ɗan tsinin roba a kai. V-Max ta kamfanin Hornady, da Ballistic Tip Varmint ta Nosler, da BlitzKing ta Sierra duk wannan dangi ne. Idan ta bugi nama, tsinin yakan koma ciki ya tsaga rigar, ƙwayar ta tarwatse a cikin inci kaɗan. In ta shiga ta bayan kafaɗa, tsakanin haƙarƙari, sai ta zube ƙarfinta duka a cikin huhu, sau da yawa ba ta ma fita, koyoti ya faɗi inda yake. Wannan shi ne abin da mai fata ke nema. Tana kuma da wata fa'ida a ƙasar da ke da gidaje da shanu: in ta kuskure ta bugi ƙasa, yawanci rugujewa take yi maimakon ta yi tsalle ta ci gaba.

Aibinta yana fitowa ne idan nauyi ya yi kaɗan gudu ya yi yawa. Ƙwaya mai giren 40 daga .22-250 tana fita da gudun da ya kai ƙafa 4,000 a sakan. An ƙera irinta ne domin ƙananan dabbobin ramuka da ba su kai kilo biyu ba. In koyoti ya taho kusa, yadi 40 ko 50, ta same shi a ƙashin kafaɗa, tana iya fashewa a waje: rauni mai faɗi, ba zurfi, fata ta lalace, dabba ta tsere. Shi ya sa a faɗin 0.224 nake ganin kada a sauka ƙasa da giren 50. Giren 50 zuwa 55 shi ne tsakiyar hanya, kuma a kansa yawancin mafarautan yamma suka tsaya.

Dangi na biyu shi ne na ƙwaya mai taushin kai, wadda dalmarta ke leƙowa a tsini. Ba ta tarwatsewa. Kanta yakan baje ya yi faɗi, ta ci gaba da nitsewa. Tana karya ƙashi, tana shiga ko da dabbar ta ba ka ƙirji ko ta karkata, kuma galibi tana fita ta ɗaya gefen. Ramin fitar wani lokaci ƙarami ne, wani lokaci kuwa, in ta kwaso ɓaraguzan ƙashi, ya yi girma. Ga babban koyotin gabas, wanda ake harbi cikin kurmi a kusa kuma da wuya ya tsaya ya ba ka gefe sosai, wannan na fi amincewa da ita: giren 55 zuwa 65, irin GameKing ta Sierra ko Partition ta Nosler mai giren 60. Jinin da ke zuba ta ramin fita yana kuma taimaka maka bin sawu a kan dusar ƙanƙara in bai faɗi nan take ba.

Akwai biyu da zan ce ka bar su a kanti. Ta farko ita ce mai cikakkiyar riga, irin ta soja, wadda ake rubuta wa FMJ. Ita ce mafi araha, kuma akwai masu cewa ba ta ɓata fata. Gaskiya ne takan bar ƙaramin rami, amma dalilin shi ne ba ta buɗewa, sai ta ratsa huhu ta wuce dabbar na gudu. Wani lokaci kuma takan juya a ciki ta karye ta yi ɓarnar da ba a zata ba, don haka ko alkawarin fatar ba ta cikawa kullum. Ga tsalle a kan daskararriyar ƙasa. Ka yi atisaye da ita in kana so, amma kada ka kai ta daji. Ta biyu ita ce ta gasar harbi, mai ɗan ƙaramin rami a tsini. Ramin nan ya samu ne daga yadda ake ƙera ta, ba domin ta buɗe aka yi shi ba, kuma kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi yawancin farauta da MatchKing ɗinsa. Tana zuwa inda aka aike ta, amma abin da za ta yi in ta isa ba shi da tabbas.

Idan an gama da ƙwaya, maganar kwanso ba ta da wuya. .223 Remington, wanda ya shigo kasuwa a 1964, yana tura giren 55 da gudun ƙafa 3,240 a sakan daga bututu mai inci 24, wato kusan mita 990. Yana ko'ina, yana da sauƙin kuɗi, dukansa a kafaɗa kaɗan ne har kana iya ganin inda ƙwaya ta sauka ta cikin madubin saiti, kuma bututunsa yana daɗewa. Yawancin koyotin da aka kira da usur mai kwaikwayon kukan zomo, ko da na'urar kira irin ta FoxPro, a ƙasa da yadi 200 ake harbinsu, kuma a wannan tazara .223 bai bar wa kowa abin faɗa ba. Wanda zai sayi bindiga ɗaya domin koyoti, a nan zan ce ya tsaya.

.22-250 ya fara ne a hannun masu ƙera harsashin kansu tun shekarun 1930, waɗanda suka matse wuyan kwanson .250 Savage, kafin Remington ya mai da shi na kasuwa a 1965. Ƙwaya ɗaya ce, giren 55, amma da gudun ƙafa 3,680. In ka yi saiti a yadi 200, ƙwayar .223 za ta sauka kamar inci 7 a yadi 300, ta .22-250 kamar inci 5. A yadi 400 kuwa wajen inci 21 ne da 16. A buɗaɗɗen filin Nebraska ko Alberta, inda koyotin da ya taɓa jin harbi yakan zauna nesa yana kallonka ya ƙi ƙarasowa, wannan bambanci yana da amfani. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙara, da saurin cinyewar maƙogwaron bututu saboda zafin alburushi, da ƙarin ɓarnar fata a kusa. .220 Swift na Winchester, wanda tun 1935 ya haura ƙafa 4,000, yana wannan layi, sai dai samunsa a kanti ya yi wuya yanzu.

Masu fata na gaske sukan karkata ga ƙananan faɗi. .204 Ruger, wanda Hornady da Ruger suka fitar a 2004, yana harba giren 32 da gudun ƙafa 4,225, amma ga koyoti gara mai giren 35 zuwa 40, saboda dalilin fashewa a waje da na ambata. .17 Remington na 1971, da ƙwayarsa mai giren 25, yakan bar ramin da sai ka tona gashi kafin ka gan shi. Duka biyun na mai haƙuri ne, wanda zai iya barin dabba ta tafi in ba ta ba shi gefe ba. A can ɗaya ɓangaren akwai .243 Winchester na 1955, da 6.5 Creedmoor na 2007. Su ne na makiyayin da ba ruwansa da fata, ko mai bindiga ɗaya ta barewa da koyoti, ko mai zama inda iska ba ta kwanciya. Ƙwayar .243 mai giren 70 zuwa 87 tana kayar da kowane koyoti, amma ka shirya ɗinki.

Sai 'yan ƙananan da wutarsu ke tashi ta gefen gindi. .22 LR ba na koyoti ba ne, ko da an ba ka labarin wanda ya kashe da shi. .17 HMR na 2002 yana da daɗin harbi kuma yana zuwa daidai, amma ƙwayarsa giren 17 ce, ƙarfinta a bakin bindiga kusan kashi ɗaya cikin biyar na .223. .22 Magnum mai giren 40 ya fi shi nitsewa, kuma inda doka ta tilasta irinsu, kamar wasu wuraren a farautar dare, shi zan ɗauka, in kuma tsaya ƙasa da yadi 75.

Yanzu ga abin da ke sa mutum ya sayi harsashi mai tsada ya ga yana watsewa a kan takarda. Cikin bututu akwai zane a murɗe wanda ke sa ƙwaya juyawa, kamar yadda yaro ke murza katantanwa: muddin tana juyawa da ƙarfi tana tsaye, da juyin ya yi rauni sai ta fara tangaɗi. Ana rubuta murɗin da lamba, 1:12 ko 1:8, ma'ana ƙwaya ta yi juyi ɗaya cikin inci 12 ko 8. Ƙwayar .223 a murɗin 1:12 tana juyawa kusan sau 194,000 a minti. Doguwar ƙwaya ta fi gajera buƙatar juyi. Murɗin 1:14, wanda tsofaffin .22-250 da yawa ke da shi, yana riƙe har wajen giren 55, kuma wasu masu tsinin roba a wannan nauyi sun yi masa tsawo. 1:12 yana kaiwa giren 55 zuwa 60, 1:9 wajen 69, 1:8 har 77. Alamar ƙwayar da ba ta samu isasshen juyi ba ita ce rami mai tsawo a takarda, domin a karkace ta shiga. Akasin haka ma yana faruwa: ƙwaya mai siririyar riga ƙwarai, in aka haɗa mata murɗi mai sauri da gudu mai yawa, tana iya tarwatsewa a iska kafin ta isa. In ba ka san murɗin bindigarka ba, cire harsashi, ka sa tsumma mai matsewa a sandar goge bututu, ka yi wa sandar alama, ka tura a hankali, ka auna inci nawa ta shiga kafin alamar ta zagayo. Wannan lambar ce murɗinka.

Ka kuma duba abin da aka zana a bututu game da .223 da 5.56 na soja. A ido iri ɗaya ne, amma ɗakin harsashin 5.56 yana da maƙogwaro mafi tsawo, kuma harba 5.56 a ɗakin da aka yanka domin .223 yana iya ɗaga matsi fiye da ƙima. SAAMI, hukumar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta yi gargaɗi a kan haka. .223 a cikin ɗakin 5.56 ba laifi, kuma ɗakin da ake kira .223 Wylde yana ɗaukar duka biyun.

Maganar dalma ta wuce maganar doka, ko da yake dokar na nan: tun 1 ga Yuli 2019 Kalifoniya ta hana farautar kowace dabba da harsashin dalma, bayan an daɗe ana ganin gubarta tana kashe kondo, babbar ungulun nan da ta kusa ƙarewa. Ƙwayar da ke tarwatsewa tana barin ɗaruruwan ɓurɓushi a cikin nama, kuma gawar koyoti, ba kamar ta barewa ba, yawanci a daji ake barinta, mikiya da hankaka su sauka su ci. Ko a jihar da ba ta hana ba, ina ganin ya wajaba mutum ya binne gawar ko ya ɗauke ta, ko kuma ya koma ƙwayar da ba ta da dalma. Akwai masu tarwatsewa irin Varmint Grenade ta Barnes da NTX ta Hornady, akwai kuma TSX ta zallar jan ƙarfe, wadda ke buɗewa ta ratsa ta bar ƙananan ramuka biyu. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarsa ta fi tsawo a nauyi ɗaya. Ka sauko da giren kaɗan, ko ka tabbata murɗinka zai riƙe ta.

Duk wannan a takarda ne har sai bindigarka ta yi magana. Bindigogi biyu na kamfani ɗaya suna iya saɓawa a kan harsashi ɗaya. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu da suka dace da aikinka, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka harba biyar-biyar a yadi 100, kana barin bututu ya huce tsakani. Harbi uku yana ruɗi, domin sa'a kaɗai tana iya haɗa uku wuri ɗaya. Wanda ya tara biyar cikin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa koyoti har yadi 250. Ka fi lura da inda harbin farko daga bututu mai sanyi ke sauka, tunda a daji shi ne naka. In ka sami wanda bindigar ke so, koma ka sayi da yawa masu lambar rukuni ɗaya, tana nan a buge a leɓen kwali.

Gudun da aka rubuta a kwali kada ka ɗauke shi kamar naka. Da bututu mai inci 24 aka auna shi. A mai inci 16, irin na yawancin bindigogin AR-15, giren 55 yakan sauko wajen ƙafa 3,000 ko ƙasa. Sanyi ma yana rage wa alburushi kuzari, don haka saitin da ka yi a watan Agusta ka sake duba shi a Disamba. Sa'an nan ka harba da kanka a yadi 200 da 300 ka rubuta abin da ka gani. A nan za ka gane cewa iska ta fi nisa cuta: iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture ƙwayar .223 mai giren 55 kusan inci 10 a yadi 300, wato ta fitar da ita daga huhu ta kai ta ciki. Nisa ana aunawa da na'ura, iska kuwa sai ƙiyasi. Iyakarka ita ce tazarar da kake iya sa kowane harbi cikin inci 5 a zaune a ƙasa da sandunan dogara, ba a kan tebur ba.

Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha a kan lasisi, da farautar dare, da irin harsashin da aka yarda da shi lokacin farautar barewa, don haka karanta littafin hukumar namun daji na shekarar da kake ciki. Ka tabbatar da abin da ke cikin madubinka kafin ka taɓa kunama: ƙaramin kyarkeci yana kama da babban koyoti, kuma a wurare da dama doka ta kare shi, haka ma karen maƙwabci a duhun asuba. Koyoti yana barbara daga Janairu zuwa Maris, ana haihuwa a Afrilu da Mayu, kuma macen da aka harba a lokacin ta bar 'ya'ya a rami ne. In ba ɓarna ake yi maka a garke ba, bar su har kaka.

Koyotin farko da ka kayar da sabon harsashi, kada ka yi gaggawar feɗe shi ka wuce. Juya fatar ka dubi ramin shiga daga ciki, ka buɗe ƙirjin. In ramin shiga ya yi faɗi kuma huhu na can gefe bai taɓu ba, ƙwayar ta yi laushi ga gudun bindigarka: ƙara giren biyar ko goma, ko ka koma mai taushin kai. In ramuka biyu ne ƙanana, huhu ya huje kawai, dabbar kuma ta yi gudun yadi ɗari, ƙwayar ta yi tauri: koma mai tsinin roba. Ka rubuta nisan, da kusurwar da ya tsaya, da inda ƙwayar ta shiga, kuma kada ka canja harsashi a kan dabba ɗaya sai ka ga abin ya maimaitu.